Kyauta Ba Ta Shiga Gidan Gonario

Gidan da ya fi kowane gida girma a Serrunele babu mai kwana a cikinsa, kuma har yau matar da ta ɗauko burodi daga tanda ba ta bi ta ƙofarsa, gara ta zagaya ta bayan coci. Yaran yanzu suna cewa camfin tsofaffi ne. To su ce. Ni Filumena na san abin da gidan nan ya ci, domin mijina yana cikin abin da ya ci, kuma yarinyar mai gidan ni na riƙe ta a hannuna ranar baftisma. Ku matso kusa, muryata ba ta da ƙarfin da.

Gonario makiyayi ne kamar sauran mazan garin. Tumakinsa ba su kai a yi maganarsu ba, amma girman kansa ya fi garken kowa. Mutum ne wanda in ka miƙa masa taba sai ya yini yana neman yadda zai rama, don kada a ce ya ci na wani. Matarsa Itria ƙawata ce tun muna ƴan mata, mai sanyin hali, mai dariya da hannu a baki. Da suka haifi Lughia, ni da mijina Bainzu muka tsaya mata a coci. Daga ranar mu da iyayenta muka zama compare ga maza, comare ga mata, zumuncin da a wurinmu ya fi na ciki ɗaya nauyi. Ni na maƙala wa jaririyar baƙin dutsen nan mai bakin azurfa a rigarta, wanda uwar baftisma take bayarwa don tare mugun ido.

Dutsen bai tare abin da ya zo ba. Kafin ta fara rarrafe ta ƙi nono, fuskarta ta koma launin kakin zuma, cikinta ya fara tasowa. Babu matar da ta tambayi mene ne. Tsibirinmu na Sardiniya ya daɗe yana binne irin waɗannan yaran da jikinsu ba ya iya yin jinin kirki. A zamanin iyayenmu sai dai a zuba musu ido. A namu zamanin asibitin birni ya fara ƙarin jini: a rataye kwalba, a sa wa yaro allura a hannu, kafin yamma ya farfaɗo kamar shukar da aka yi wa ban ruwa. Sai dai jinin aro ba ya daɗewa, bayan ƴan makonni ya ƙare a sake komawa. Asibitin kuma ba shi da na ajiya, kai za ka zo da mai bayarwa. Na Gonario da na Itria likita ya ce ba za su yi ba, domin su biyun ne suka haɗa mata ciwon ba da saninsu ba.

Wannan bai hana mu barci ba. Mu mutane ne masu al'adar paradura: in ɓarayi ko annoba suka share wa makiyayi garke, kowa sai ya koro masa tunkiya guda har ya tsaya da ƙafarsa, ba a doguwar godiya, domin gobe kai ne. Haka aka yi da jinin Lughia. Likita ya gwada mazan garin ya ware waɗanda nasu ya dace da nata, suka riƙa karɓa-karɓa. Abin da ake so daga uba shi ne ya tsaya a ƙofar wanda zagaye ya zo kansa, ya cire hula, ya ce, "Lokaci ya yi." Shi ke nan, mutumin ya wanke hannu ya hau motar safe.

A kan jinin garin nan Lughia ta yi wayo. Siririya ce mai faɗin goshi da bakin tsiwa. Takan tafi birni a goye, ta dawo da jan leɓe tana tsalle a matattakalar gidana. Tzia take kirana, wato goggo, mijina kuma Tziu, wato kawu.

"Tzia Filumena, yau jinin wa aka sa mini?"

"Na Tziu Bainzu."

"Shi ya sa nake jin yunwa. Ki ɓoye cukunki, na gaya miki."

In na mai kwasar barci ne sai ta yi ta hamma da gangan, in na mai faɗa ne ta ɗaure fuska ta kama ƙugu. Mazan garin suna son ta kamar su suka haife ta, kuma a nan matsalar ta faro. Wata ranar Lahadi a shagon giya, mijina, wanda bakinsa ba shi da linzami ko da yake zuciyarsa fara ce, ya dafa kafaɗar Gonario ya ce, "Compare, yarinyar nan fa ta fi zama tawa da taka. Abin da ke yawo a jikinta rabi nawa ne, rabi na surukinka Tattanu. Kai me ka zuba, in ba suna ba?" Aka bushe da dariya. Gonario ma ya yi, ta haƙori kawai.

Da ya koma gida ya ce wa Itria, "Na gaji da cire hula a ƙofar mutane."

Ta ce, "Hular ce ta yi maka nauyi ko yarinyar?"

Daga ranar bai sake maganar ba.

Abin da zan faɗa yanzu daga bakinsa na ji shi, domin a ƙarshen rayuwarsa babu wanda bai ba labarin ba, har karnukan kan hanya. A saman garin akwai duwatsun da mutanen farko suka sassaƙa ƙananan ɗakuna a cikinsu, muna ce musu ɗakunan aljanu. A can Tziu Antiogu yake zaune, wani tsoho mai ƙona gawayi wanda coci ta daɗe da manta fuskarsa. Ba ya ganin mutum sai da tsakar rana a tsakiyar zafi, lokacin da iyaye mata suke kulle yara a ɗaki, karnuka ma suka shige ƙarƙashin amalanke. Gonario ya aika masa da bukatarsa, shi kuma ya aiko masa cewa ya zo da abu ɗaya wanda ba saya aka yi ba, ba su aka yi. Gonario ya jira Lughia ta yi barcin rana, ya cire dutsena daga rigarta.

Ƙofar ɗakin ba ta wuce gwiwa da yawa ba. Mutumin da ya ƙi sunkuyawa a ƙofar maƙwabci da rarrafe ya shiga. Ciki akwai sanyi irin na rijiya, da warin tsohon nama. Bangon an shafe shi da jar ƙasa tun zamanin da ba wanda ya sani, an sassaƙa ƙahonin bijimi a kansa, ɗaya bisa ɗaya har rufi. Fitilar kitse tana ci a kan ƙoƙon kan rago. A tsakiyar ɗakin akwai rami a dutsen kamar bakin turmi, gefensa ya yi baƙin ɓawo saboda abin da aka daɗe ana zubawa. A lungu kuma an jingine amya ta ɓawon itace, an liƙe bakinta da kaki. Wani abu yana gunji a cikinta. Gonario ya san kukan zuma tun yana yaro, ya ce wannan ba taron zuma ba ne, abu ɗaya ne, kuma babba.

"Gonario mai dogon wuya," in ji tsohon daga cikin duhu. "Ashe ka iya rarrafe."

"Ban zo wasa ba, Tziu."

"Babu mai zuwa nan wasa. Lafiyar yarinyar ka zo nema?"

A nan ne har in mutu ba zan yafe masa ba. An tambaye shi, da baki, kuma ko gwadawa bai yi ba.

Ya ce, "Ciwonta ba ya warkewa, likita ya faɗa. Dukiya nake so. Wadda zan sayi abin da nake roƙa, in daina tsayuwa a ƙofar ƙattin banza suna yi mini dariya."

"Za a samu."

"Me za a biya? In ɗiyata ce, yanzu zan fita."

Tsohon ya yi dariya har da tari, ya nuna amyar da haɓa. "Me zai yi da ɗiyarka? Ko jinin kanta ba ta da shi."

"Matata fa?"

"Zauna, ɗana, kana ta jefa dutse a inda babu tsuntsu. Mai amyar nan yana da ladabi, ba ya taɓa abin da yake naka. Abin da ka saya naka ne. Abin da ka yi gumi a kai naka ne. Shi dai duk abin da aka ba gidanka kyauta, nasa ne."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Sai dai yana da ɗan kwaɗayi. In ya ɗanɗana abu ya ji daɗi, yakan so ya ga tukunyar da aka ɗebo shi."

Gonario bai saurari ƙarshen ba, dariya ta riga ta kama shi. Ya ce, "Tziu, ai abin da na zo gudu ke nan kake kira farashi. Ya kwashe duka, har da sannu da zuwa."

"To sa abin da ka kawo a ramin."

Ya sa dutsena. Tsohon ya barbaɗa gishiri a kai, ya kama hannun Gonario na hagu ya kifa shi a bakin ramin, ya ce ya juya ga amyar ya faɗa da bakinsa cewa ba ya bukatar hannun kowa. Ya faɗa. Tsohon ya ɗauki basilla ya huda kakin, ya hure fitilar. Gunjin ya tsaya cak. A cikin duhun Gonario ya ji wani abu mai ƙafafu ya sauka a wuyan hannunsa, daidai inda jijiya take bugawa, yana tafiya a hankali yana shinshinawa. Bai cije shi ba. Ya sauka cikin ramin, aka ji ƙas, sannan gunjin ya dawo, amma ba daga amyar ba, daga bakin ƙofa. Da aka kunna fitila dutsen ya rabe biyu.

"Je ka," in ji tsohon. "Ya riga ka gida."

Arzikin bai yi nawa ba. A shekarar tumakinsa duk tagwaye suka haifa, nono har babu mazubi. Wani ɗan kasuwa ya zo daga ƙetaren teku ya saye cukunsa tun kafin ya bushe. Sannan baƙi masu son gina otal suka zo suka maƙale wa wani fako na duwatsu a bakin ruwa, wanda ubansa ya saya bisa kuskure aka yi ta yi masa dariya har ya mutu. Gonario ya sayi filaye, ya sayi mota, ya fara gina gidan can. Mutane suka yi ta kallo suna taɓe baki, domin ruwa ba ya tsami banza, amma ba wanda ya san inda zai nuna da yatsa.

Da lokacin jinin Lughia ya yi, zagaye ya zo kan mijina. Gonario ya tsaya a ƙofarmu da hularsa daram a ka, hannunsa a aljihu.

"Compare, lokaci ya yi. Amma daga yau biya zan riƙa yi."

Bainzu ya ajiye cokali. "Me za ka riƙa yi?"

"Biya. Faɗi abin da kake so."

"Ka ɗauke ni akuyar tatsa ke nan? Mayar da hannunka aljihu kafin in zubar maka da haƙora a gaban comare ɗinka. Jini ba cuku ba ne."

"Ka karɓa dai, compare. Ina roƙonka."

"Kai da ka daina roƙo? Zan je, amma ba don kai ba, don ƴar tsiwar nan zan je."

Na ga fuskar Gonario a lokacin, na ga tsoro, ban dai san na mene ne ba. Da ya buɗe baki ya faɗi gaskiya a ƙofar nan da mijina ya tsufa tare da ni. Amma faɗar gaskiya ma cire hula ce, sai kawai ya buɗe masa ƙofar mota.

Lughia ta dawo a goye kamar yadda ta tafi. An sa mata kwalba cikakkiya, leɓenta ko alamar ja bai yi ba. Ta ce mini, "Tzia, ina jin ruwa suka sa mini yau." Shi kuwa Bainzu, ɗan ramin allurar da yake rufewa kafin gari ya waye ya ƙi rufewa. Ba ya zubar da jini, ɗigo ne kawai mai laima a gwiwar hannu, kullum sabo. Akwai wani ƙuda baƙi, ya kai girman babban yatsa, da yake zuwa da tsakar rana ya sauka a wurin. In na kore shi sai ya koma kan taga ya jira. Mutumin da yake saɓa rago a kafaɗa ya hau dutse ya koma ba ya iya ɗaga tulu. Likitoci suka duba, suka ce jininsa yana tafiya, ba su san ina ba. Lokacin askin tumaki ya rasu. Ni da ƙanwata muka juya gawarsa ba tare da mun nemi namiji ba, saboda rashin nauyinta.

Daga nan ƙananan abubuwa suka fara haɗuwa a bakin mata. Wadda ta kai wa Itria ƙwai ta wayi gari kajinta a mace. Wadda ta kai burodi, burodin ya yi funfuna kafin yamma, hatsin rumbunta kuma ya zama ƙura. Itria ba wawuya ba ce, ta daɗe tana neman dutsen rigar ɗiyarta. Ta tsare mijinta har ya amayar da komai, ta fito tsakar gari ba ɗankwali ta faɗa wa duniya.

Ƙanenta Tattanu, saurayi da ake shirin aurensa, shi ya ce ya ga mafita. "In ciniki yake so, a yi ciniki mana. Ba ni kuɗin, Gonario, kowa ya shaida na sayar." Ya karɓa a gaban mutane, ya hau mota. Amma mai amya ba yaro ba ne. Tattanu ya karɓi kuɗin ne da hannu, zuciyarsa kuwa kyauta ta yi, kuma a hanyar dawowa ya zuba su a akwatin coci don suna ƙona masa aljihu. Yarinyar ba ta yi ja ba. Kafin a tsinke inabi mun binne shi, amaryarsa tana tsaye da baƙaƙen kaya.

Ga ramin da Gonario ya gina wa kansa. Duk wanda yake son Lughia ba zai iya sayar mata da jini ba ko ya karɓi buhun kuɗi. Wanda zai iya sayarwa kuwa sai wanda bai san ta ba, bai kuma damu da ita ba. Sai ya gangara tashar jiragen ruwa ta Cagliari, inda akwai mutanen da suke sayar da jininsu don kuɗin kwalbar giya, waɗanda ba za su gaya maka ciwon da ke jikinsu ba don kada ciniki ya lalace. Ya kai su wani asibitin kuɗi. Wannan jinin ya zauna. Lughia ta yi jan leɓe, Gonario ya zagaya gari da ita a mota yana danna ƙaho. Ba a daɗe ba idanunta suka koma rawaya. Ciwon shawara ne ya shigo tare da jinin, ya kama hanta. Likita ya ce masa daga yanzu sai jini mai tsabta, na mutanen da aka san su, in ba haka ba ya shirya.

Ya koma dutse da gudu. Ya tarar da ɗakin aljanu fayau, babu tsoho babu fitila, amyar tana yashe a ƙasa ba komai a cikinta.

Itria ita ta fara tafiya, ko da yake ba mutuwa ta yi ba. Ta zauna ta yi tunani irin wanda bai kamata uwa ta yi ba: abincin da take dafa wa ɗiyarta wa yake biyanta? Wankan da take yi mata, da rungumar, da waƙar barci, duk kyauta ne. Ta tsorata da hannuwanta. Ta daina taɓa yarinyar, aka ɗauko wata mata daga nesa ana biyanta tana yi. Itria sai ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin tana kallo, hannuwanta a hammata. Daga baya ta fara bin mijinta ɗaki-ɗaki da tafin hannu a buɗe tana cewa, "Biya ni in sumbace ta. Biya ni, Gonario." In ya sa mata kuɗin sai ta dube su ta fashe da kuka ta ce ƙarya ne, zai gane ƙarya ne. Ranar da motar gidan mahaukata ta zo ɗaukarta ba ta yi gardama ba, ta dai tambayi direban nawa ne.

Na shiga gidan da baƙaƙen kayana, ban riƙe ko tsinke ba. Lughia tana kwance a gado mai girman ɗakina, ta zama ƙashi da ciki. Ta ce, "Tzia, Mama fushi take yi da ni?" Na ce a'a. Ban taɓa ta ba, kuma zuciyata ta ƙone da hakan.

Na sami Gonario a falo. Muna da wata al'adar bayan paradura: gidan da ba zai iya riƙe yaro ba yakan ba da shi ga wani gida a gaban shaidu, ya zama ɗan can, ya ci gadon can. Na ce masa, "Compare, ka kashe mini miji, ban zo don kai ba. Abin nan gidanka aka ba shi, ba garin ba. Ba ni ita. Ka fito gaban mutane ka ce ba ɗiyarka ba ce, ta Filumena ce. In ta bar gidanka wataƙila a iya ba ta jini."

"Wataƙila," ya ce.

"Kana da abin da ya fi wataƙila?"

"Matsiyata ne suke ba da ƴaƴansu, comare. Ni in tsaya a tsakar gari in ce na kasa? Bainzu ya faɗa da wasa, yanzu ke kina so in faɗa da gaske. Zan kai ta Milano, can akwai manyan likitoci."

"An ce maka a can daga rijiya ake ɗibar jini?"

"Fita mini daga gida."

Na fita. Na sake komawa, aka ƙi buɗe mini. Fadan coci ya je, tsofaffin gari suka je, duk ya ce yana da shirinsa. Girman kai rawanin tsiya ne, kuma shi ya naɗa nasa har ya rufe masa ido, yarinya tana ƙarewa a ɗaki na gaba yana ta aika wayar tarho birane.

Sai wata rana da tsakar rana, zafi kamar a tanda, na ji ana kiran sunana a waje. Gonario ne, a ƙasa, ba mota, ya rungumo ta a cikin bargo. Hularsa ta faɗi a bakin ƙofata bai ɗauka ba. Ya juya ga tagogin da aka fara buɗewa, ya ɗaga murya har ta fashe.

"Ku shaida. Ba ɗiyata ba ce. Ta Filumena ce. Ba ni da komai a cikinta."

Ya miƙo mini ita. Ba ta fi ɗan rago nauyi ba. Na sumbace ta a goshi a gaban kowa, na ce, "Lokaci ya yi," ban ma san wa nake gaya wa ba.

Babu wanda ya san ko dabarar za ta yi aiki. Mazan nan su suka ɗauki gawar Bainzu, su suka ɗauki ta Tattanu, sun san abin da suke sa hannu a ciki. Amma aka taso direban motar gari daga barci, suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya suna naɗe hannun riga, har da waɗanda likita ya ce nasu bai dace ba. Matansu suna tsaye a ƙofa, ba wadda ta riƙe nata. Gonario ya zo zai hau, wani tsoho ya sa sanda ya tare ƙofar ya ce, "Wannan motar ta dangin yarinya ce."

Tana kan cinyata muna gangara dutse. Ta buɗe ido ta dubi hannuwan da ke riƙe da ƙarfen motar.

"Tzia, yau jinin wa za a sa mini?"

"Na kowa, ɗiyata. Duba, mota ta cika."

"To ki dafa da yawa," ta ce, "zan ji yunwar su duka."

Ba mu kai kwanar da ake hango birni ba ta cika. Direban ya tsaya a gefen hanya ya kashe mota. Muka juyo, mazan suna zaune da hannun riga a naɗe, babu wanda ya tuna ya sauke.

Daga gidana aka ɗauke ta, a matsayin ɗiyata. Kafintan gari ya yi akwati bai karɓi komai ba, mata suka cika mini ɗaki da abinci, maza suka yi ta karɓar gawar kafaɗa zuwa kafaɗa. Muka zauna muna jiran abin da zai biyo baya. Ko ciwon kai ba wanda ya yi. Kaza ɗaya ba ta mutu ba. Sai muka gane dabarar daidai take, tun ranar da na fara roƙonsa daidai take, kuma Gonario da yake tsaye a bayan katangar maƙabarta shi ma ya gane.

Dukiyarsa ba ta ragu ba, kada ku yi zaton haka. Ta yi ta ƙaruwa ba mai ci. Shi dai hankalinsa ne ya tafi. Ya yi shekaru yana zaune a bakin famfon gari da tsohuwar hular nan a hannu, yana miƙa wa duk mai wucewa, yana ba da labarin amya da dutse, yana roƙon a ba shi wani abu, ko mene ne, ko sannu ce. Ba wanda ya isa ya ba shi. Iyaye mata suna toshe bakin ƴaƴansu in za su wuce, don kada gaisuwa ta kuɓuce musu. Da ya mutu baƙi aka yi haya suka binne shi, aka biya su kafin su ɗaga.

To ku da kuke cewa sai kun tara abin da ba za ku sake bukatar kowa ba, ku ji da kyau. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, amma mafi munin kwaɗayi shi ne na mutumin da yake so ya fi ƙarfin maƙwabcinsa. Abin da yake riƙe da ran ɗanku ba a kasuwa yake ba, yana cikin hannun mutumin da ke ƙofa ta gaba, kuma ba ya fitowa sai an roƙa. Duk wanda ya ce zai ɗauke muku wannan roƙon, ku tambaye shi ran wa zai ɗauka tare da shi. Ni na binne miji na binne ɗiyar yini ɗaya kafin in iya faɗar haka. In lokaci ya yi, ku je ƙofar, ku cire hular.